Cokali ta Tagar Kicin

Litinin, da sassafe

Wanke ƙaramin cokali, a sa a aljihun riga.

Litinin, da yamma

Likita ya ce in riƙa rubuta awon jinina a nan. Na rubuta, ya ɗan hau. Sauran takardar fili ne, shi ya sa.

Maman Auta, matata, ba ta jin ɗanɗano. Ba ta jin ƙamshi, ba ta jin wari. Na rubuta sau ɗaya don kada in sake. Ya fara ne bayan zazzaɓin da ta yi, muka ce mura ce, za ta wuce. Murar ta kwashe kayanta ta tafi, ta bar mana wannan, da wani ciwon kai da ke kama ta gefe guda.

Ita ke dafa abincin rana a kantin ɗin masana'antarmu, wato ɗakin cin abincin ma'aikata, tun kafin a ɗauke ni ɗinkin rigar katifa. Ita ma ta yi mini hanyar aikin. Makullin kicin a hannunta yake, ita ke buɗewa kowa na barci. A farkon abin nan ta zuba gishiri a babbar tukunya, aka kira ta waje, ta dawo ta manta ta sake zubawa. Ta ɗanɗana ba ta ji komai ba, ta rarraba wa mutane. Aka zubar da tukunya guda. Shugabar kantin ta ce mata a gaban Doguwa, mataimakiyarta, wannan ne na farko kuma shi ne na ƙarshe.

Babu wanda ya sani sai ni. Ko Auta, 'yarmu, ba ta sani ba. Ta ce in Shugaba ta ji, ranar za a karɓi makulli da ludayi gaba ɗaya, wa zai bar mai dafa abinci da ba ta da harshe?

To ga yadda muke yi. Hantsi in ya ɗaga sai in ce wa foman zan zaga. In bi ta bayan kantin, wajen da ake jera tukwanen gas da suka ƙare, akwai taga. Ta miƙo ludayi, in ɗiba da cokalina, in ce ya isa ko a ƙara. Ni dama ba na cin abincin kantin. Tun bara likita ya raba ni da gishiri, tana dafa mini nawa daban a 'yar tukunya, in tafi da shi a kula. Amma cokali ɗaya ba zai kashe ni ba.

Yau na ce ya isa.

Talata, da yamma

Na ce ya isa. Allura ta karye sau biyu. Na gaji.

Laraba, bayan magariba

An gane ina zuwa tagar. Wanda keken ɗinkinsa ke kusa da nawa, Mai Gemu muke ce masa, ya ce wai zagawar tawa ƙamshin miya take yi. Ya ce mutum da 'ya ta isa shiga jami'a har yanzu yana zance ta taga, ko dai sabon sadaki zan biya? Na yi dariya. Gara su ɗauka hakan ne.

Wani abu ya tsaya mini. Da na ce ya isa, ta tsaya da sauran gishirin a tafinta, ta ce hannunta yana gaya mata da saura. Na sake ɗanɗanawa. Ni dai na ji shi sosai, har yana ɗan cizo. Na ce mata wanda bai ji ba yana iya ƙarawa a farantinsa, wanda ya yi yawa kuwa sai bola. Ta mayar da shi cikin gwangwani, ta goge hannunta a zani, ta daɗe tana gogewa.

Ban sani ba ko na faɗa da ƙarfi. Ina ganin na faɗa da ƙarfi.

Juma'a, da la'asar

Asibiti. Mun nemi izini, ta ce wa Shugaba haƙori ne. Doguwa ta riƙe kicin.

Benci ɗaya da wata tsohuwa mai yawan tambaya. Ta tambaye mu waye ba lafiya, muka nuna juna a tare. Ta ce to Allah Ya ba mai gaskiyar lafiya.

Likitan matashi ne, amma yana da haƙuri. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa kawo abubuwa kusa da hancinta, sabulu, garin shayi, audugar da aka jiƙa da maganin goge rauni. Ni daga kujerata idona har ruwa ya kawo. Ita tana zaune tana jira a fara.

Ya tambayi ciwon kan. Ya tambaya ko tana mantuwa, ko hannunta yana yi mata wani iri. Ta kalle ni kafin ta amsa. Ta ce wataƙila. Ya ce sau da yawa abin yana dawowa da kansa, amma saboda ciwon kan yana son a ɗauki hoton cikin kanta. Ya faɗi abin da yake so ya tabbatar babu. Ba zan rubuta ba.

A motar dawowa ta yi barci a kafaɗata, ko ta yi kamar ta yi.

Asabar, da yamma

Auta ta samu gurbi a jami'a. Tun da safe ta shigo da waya a hannu tana tsalle, ta taka mini ƙafa. Uwarta ta rungume ta, ta yi kuka, Auta ta ɗauka duk na murna ne.

Ƙanwar Maman Auta ta iso kafin mu gama karyawa. Rediyo nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai mijinmu. Ta ce ba za a zauna a ɗaki da irin wannan labari ba, a tashi a je lambun bakin tafki. Ban so ba, bayana yana ciwo. Na je.

An gyara wurin, an sa kujerun siminti. Auta da Rediyo suka shiga ƙaramin jirgin da ake tuƙawa da ƙafa, suka yi ta zagaye wuri ɗaya suna zargin juna. Mu muka zauna ƙarƙashin bishiya. Akwai kwata a bayan kujerar, warinta har cikin maƙogwaro. Na so in ce mu matsa, sai na ga ta miƙe ƙafa, ta cire takalmi, fuskarta ta saki a karo na farko cikin kwanakin nan. Na zauna na shaƙa.

Da suka dawo Auta ta ɓare lemo ta kai wa uwarta hanci, ta ce Mama ji ƙamshi. Ta lumshe ido ta ce kai, wannan na gaske ne. Na kalli ruwa.

Rediyo ta yanke hukunci za a yi liyafa a gida, Asabar ta sama da mai zuwa. Dangi, maƙwabta, ƙawayen Auta. Na ce ko a ba wasu su dafa, a huta. Rediyo ta ce, "Mijinmu, ka auri mai ciyar da masana'anta guda, sannan ka ce a sayo? So kake a yi da mu?" Maman Auta ta ce ita za ta dafa. Ba ta kalle ni ba.

Lahadi, da rana

Wanki. Guga. Kanta ya yi ciwo, an rufe labule.

Talata, bayan magariba

Na ce ya isa jiya, na ce ya isa yau.

A gida ma yanzu ni nake ɗanɗana tukunyarsu kafin a sauke, in Auta ta shiga ɗaki. Na lura yarinyar ta fara ajiye gwangwanin gishiri kusa da farantinta. Na yi mata faɗa, na ce ta ga abin da ya yi mini, ita ma so take ta fara haɗiyar ƙwaya tun tana ƙarama? Ta ce to Baba. Da na juya na ji ƙarar murfin.

Mai Gemu ma na ga ya ciro wata 'yar takarda a naɗe daga aljihu lokacin da za su tafi kantin. Na tambaya, ya ce maganin abinci ne, ya yi dariya, sai ya tuna matar waye, ya haɗiye sauran. Mutumin da ke shan taba tun yana yaro, me harshensa zai ji?

Awo ya hau. Wataƙila tafiyar da nake yi da sauri zuwa tagar ce.

Alhamis, da yamma

Shugaba ta kira Maman Auta ofis. Ta ce mutane suna magana, abinci ya zama na asibiti, ana barin rabi a faranti. Ta ce ba ta san me ke damun ta ba, da can ya yi yawa, yanzu ya yi lami, hannunta ya canza. Ta ce ta ba ta zuwa ƙarshen wata.

Muka kamo hanyar gida ni da ita har muka wuce gada. Sannan ta ce ba harshen ne ke tsorata ta ba. Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba, hannu take sawa, hannun ya san tukunya. Yanzu kullum hannun yana ɗibo abin da ni kuma nake cewa ya yi yawa. Idan har hannun ya manta, to abin ya wuce hanci, ya shiga ciki. Ta taɓa gefen kanta.

Na ce mata ma'aikata ba a iya musu, ko zuma aka ba su sai sun ce da ɗaci. Na ce ni na ɗanɗana da bakina. Na ce gobe ma ƙara kaɗan don a rufe musu baki.

Na daɗe ina tunanin ko akwai abin da ya kamata in ce ban ce ba. Na kan yi haka. Bayan an gama magana nake samun amsa, wani lokacin ma ba na samu.

Juma'a, da rana

Mun ƙara kaɗan. Ni a bakina ya yi yawa. Na sha ruwa a famfon bayan kantin.

Asabar, da la'asar

Ba mu fita ba yau. Na je sayo ƙwan fitila, Auta tana gidan ƙawarta.

Tun daga matakala na ji warin. Na bar ledar a wurin. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a tsakiyar kicin, tana tsince wake a tire, ƙofa a rufe, ashana a kan cinyarta. Ruwan da ta ɗora ya tafaso ya kashe wutar, gas ɗin yana ta fita. Ta ɗago ta ce har ka dawo?

Na rufe tukunyar gas ɗin. Na buɗe taga. Na ɗauke ashanar. Na fito da ita baranda. Ban san da wane na fara ba.

Ƙwan fitilar ya fashe. Sai an sake sayowa.

Lahadi, da yamma

Mun yi magana, in za a kira shi magana. Na ce ta gaya wa Shugaba. Na ce gishiri wani abu ne, wannan kuma wani abu ne, a can ita kaɗai take buɗe kicin, murhu manya, babu kowa sai ita har gari ya waye. Ta ce yanzu ta san ta riƙa duba wuta da ido. Na ce jiya ma ido gare ta. Bai kamata in faɗi haka ba.

Ta ce in bari a yi liyafar yarinya, a ga hoto. Ta ce ba za ta tsaya gaban dangi a matsayin wadda aka sallama ba. Ta ce, "Baban Auta, kicin ɗin nan shi kaɗai ne wurin da ba na tambayar kowa komai. Yanzu ko a can sai na jira ka ta taga."

Na ce to daga gobe tare za mu riƙa fita, in shiga in shaƙa kafin ta kunna. Ta ce maigadi zai yi magana. Na ce ya yi.

Litinin, da yamma

Na raka ta. Na shaƙa. Na zauna a bakin ƙofar sashenmu har aka buɗe. Na yi gyangyaɗi a kan keke, na ɗinke hannun rigata da rigar katifa. Mai Gemu ya ce a sayar da mu tare.

Laraba, da la'asar

Hoto. Sun sa ta cire 'yan kunne da zobe, suka ba ni na riƙe. Ban taɓa riƙe 'yan kunnenta ba, ba su da nauyi ko kaɗan. Na sa su a aljihu ɗaya da cokali, na yi ta taɓawa ko suna nan.

Ta ce injin yana da ƙara kamar sashenmu. Mai ɗaukar hoton bai ce komai ba. Na karanci fuskarsa ta hanyoyi da yawa, duk ba su da amfani. Sai mako mai zuwa.

Juma'a, da yamma

Kasuwa. Shinkafa, nama, mai, kayan miya, lemon kwalba. Ita ke zaɓa da ido da yatsa, in an zo kifi ko nama ta miƙo mini kamar tana nuna mini kyansa, in shaƙa in gyaɗa kai. Mai naman ya ce bai taɓa ganin maigida mai sa ido irin wannan ba.

An aro kujeru daga maƙwabta. Ɗaya ƙafarta tana rawa, na sa mata kwali. Bayana.

Asabar, da sassafe

Duba gas. Share baranda. Cokali.

Asabar, bayan magariba

An watse. Zan rubuta yadda ya faru a jere, in na iya.

Ta dafa tukunya biyu na miya, babba da ƙarama ta ƙari. Ta aiki Rediyo sayo ƙanƙara don in samu shiga. Na ɗanɗana babbar. Na ce ya isa. Ta tsaya da hannu a dunƙule, sannan ta mayar da gishirin.

Mutane sun zo da yawa fiye da kujerun. Auta ta sa sabuwar rigarta, ƙawayenta suna ta ɗaukar hoto a matakala. Yayana ya yi addu'a mai tsawo har shinkafa ta fara hucewa. Aka zuba. Ni ina gefe da 'yar kulata.

Na lura ɗakin ya yi shiru irin na mutanen da ke tauna da ladabi. Wata maƙwabciya ta ce sannu da aiki, ta ajiye cokali. Sai Rediyo ta kai loma ɗaya, ta tsaya, ta dube ni.

"Yaya, likitan mijinmu duk unguwa ya rubuta wa takarda? Mu me muka yi?"

Aka fashe da dariya, irin ta samun sauƙi. Auta ta taso da gwangwaninta tana zagayawa da shi, tana cewa ai Mama ta rage ne saboda Baba, an kwana biyu haka suke ci, ita har ta saba. Ta faɗa da alfahari, wai uwarta tana kula da ubanta.

Maman Auta ta dube ni daga ƙofar kicin. Ba harara ba ce. Kallo ne irin na wanda ke lissafi a zuci. Ta ce in zo, ta ce Rediyo ma ta zo.

Ƙaramar tukunyar tana kan wuta, ba a sa mata gishiri ba tukuna. Ta sa hannu a gwangwani ba ta ko duba ba, ta watsa, ta ƙara ɗan abin da ya maƙale a yatsu, ta juya. Ta miƙa wa ƙanwarta ludayi. Rediyo ta lasa ta ce yauwa, yanzu ta gane gidan da ta zo. Sannan ta miƙo mini.

Na ciro cokalina. Rediyo ta ce au, har da kayan aiki kake yawo? Na ɗanɗana. Kamar na lashi dutsen gishiri. Har haƙorana suka amsa.

Maman Auta ta ce yaya? Na ce ya yi yawa. Rediyo ta ce, "Mutumin da ya shekara yana cin abinci kamar na jariri, shi ake tambaya? Ai kai yanzu ko hawaye ka lasa sai ka ce an cika hannu."

Maman Auta ta buɗe tafinta tana kallo, gaba da baya. Sai ta zauna a kujerar nan 'yar tsugune ta fara dariya, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa, daga baya ba dariya ba ce. Rediyo ta rufe ƙofa. A nan Maman Auta ta gaya mata komai.

Aka juye ƙaramar a cikin babbar, ta gyara da hannunta, aka sake zagayawa. Ba a bar komai ba. Yayana ya nemi a zuba masa a leda.

Na wanke faranti har suka ƙare. Babu wanda ya sa ni.

Lahadi, da yamma

Ta gaya wa Auta da safe. Yarinyar ta yi fushi da mu duka biyu, ta ce lemon nan fa? Sannan ta kwanta a cinyar uwarta kamar ba ita za ta jami'a ba.

Bayan azahar Maman Auta ta ce in zo mu taka. Muka je har gada muka tsaya muna kallon motoci. Na ce ta yafe mini. Na ce na ga gwangwanin Auta, na ga takardar Mai Gemu, na ji abin da Shugaba ta ce, kuma kowanne na samo masa dalili. Ita ta gaya mini hannunta ya ce da saura, na sa ta mayar. Na bar ta tana kwana da tunanin kanta ne ya taɓu.

Ta ce ita ma ai ta san ba na cin gishiri, ita ke dafa mini, me ya hana ta tunawa? Ta ce tsoro ne ya cika wurin da tunani zai zauna.

Abin da ban gaya mata ba, ina son zuwa tagar nan. Ba zan iya gyara hancinta ba, ba zan iya karanta hoton ba. Cokalin ne kaɗai abin da nake da shi. Ina ganin shi ya sa ban so in gane ba. Ko kuma ina ƙara wa abin ma'ana ne, wataƙila dai wauta ce kawai.

Kanta bai yi ciwo ba yau. Ban ce komai a kai ba, kada in tuna masa.

Litinin, da yamma

Hantsi ya ɗaga, ƙafata ta miƙe da kanta. Na koma na zauna. Foman ya ce yau ba a zagawa? Na ce cikin ya daidaita.

Mai Gemu ya dawo daga kantin yana sakace. Ya ce a gaya wa Madam sun gode, duk wanda ya yi mata laifi ya ci gaba da ba ta haƙuri. Ya jefa 'yar takardarsa a kwandon yadi.

Na ɗauka shi ke nan, za ta yi shiru tunda tukunya ta gyaru. A hanya ta ce ta je ofis da ƙafarta bayan an gama rabo. Ta jira sai da Shugaba ta cinye nata, ta tambaye ta yaya abincin, ta ce haka ake so. Sannan ta gaya mata wadda ta dafa shi ba ta san ɗanɗanonsa ba. Ta gaya mata har da na gas.

Na ce me ya sa yau, bayan an samu lafiya? Ta ce da can in ta faɗa roƙo ne. Yau ta faɗa da faranti wanke a gaban mace.

Shugaba ta ce za ta yi tunani.

Talata, da rana

Shiru. Na karya allura. Awo ya hau.

Laraba, bayan magariba

Abu biyu.

Likita ya duba hoton ya daɗe. Ya ce abin da ya fi tsoro bai gani ba. Ya ce akwai wani wuri ta bayan hanci da yake son wani likitan ya duba, ya rubuta mana takarda. Na tambaya ko zai dawo, ƙamshin. Ya ce ba zai yi alkawari ba. Ban san ko murna ake yi da irin wannan ba. Mun ce alhamdu lillahi a bakin ƙofa, muka tsaya muna neman mota.

Na biyu, Shugaba ta yanke. Tukunya tana hannun Maman Auta. Amma ba za ta ƙara zama ita kaɗai a kicin ba, kuma ba ita za ta kunna wuta ba. Doguwa za ta riƙa buɗewa. Ta cire makullin daga zaren da take ɗaure shi a jaka, ta ba ta. Ta ce Doguwa ta karɓa da hannu biyu tana ta ba da haƙuri, har ta ba ta haushi.

Zaren yana nan a jakar. Na ga tana murza shi a mota.

Da muka shigo na ciro cokalin na sa a cikin sauran. Ta gani. Ta ce, "Harshen nan naka na sallame shi, ya je ya huta, ba takardar yabo. Hancin dai ina so. A gida ba ni da Doguwa."

Na ce yana nan. Ta ce to tashi ka shaƙa, zan ɗora ruwa.

Na shaƙa. Babu komai. Ta kunna.

Na gaji ƙwarai. Gobe:

Ƙwayar hawan jini, ta kusa ƙarewa.
Mayar da kujerun maƙwabta, a faɗa musu ƙafar ɗaya dama tana rawa.
Ƙwan fitila, har yanzu.
Kai takarda wurin ɗaya likitan, a ji ranar da zai gan mu.
Akwatin Auta, zif ɗin ya lalace, in tafi da shi wurin aiki.
Nemo wa zaren nan wani makulli, ko na gida ne.
Kada a tashe ta da wuri, ba ita ke buɗewa ba.
Shaƙa kicin.